TSADAR WUTAR LANTARKI: In An Ƙara Kuɗi, Wa Ke Rage Sha?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ran Lahadi ya san yadda ciniki yake tafiya. Lokacin da aka cire albasa daga fadama ta cika kasuwa, kuɗinta yakan faɗi, 'yan sari su yi ta lodi a manyan motoci, manomi mai hali kuwa ya ajiye tasa ya jira. In aka kwana biyu ta yi wuya, kuɗinta ya hau, sai uwargida ta rage wadda take yankawa a miya, mai ajiya kuma ya fito da tasa. Watau kuɗin kaya shi ne ɗan aiken da yake kai labari tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowa ya ji ya san abin da zai yi.

To, ita ma wutar lantarki haja ce. Tana da masu yin ta, da 'yan sari, da masu sayar da ita kiri ga jama'a.  Ran 3 ga watan Afril, 2024, Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Nijeriya, watau NERC, ta ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga wani rukuni na masu shan ta. Abin tambaya a nan shi ne, shin mutane sukan rage shan wuta in ta yi tsada, kamar yadda suke rage albasa? Kuma shin wannan ɗan aike yana isowa har Lafani da sauran garuruwan ƙasar Illela da ke bakin iyaka?

HAJAR DA BA TA SHIGA RUMBU

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wutar lantarki ba ta ajiyuwa da yawa cikin sauƙi. Wadda injin Kainji ya yi yanzu, yanzun nan za a sha ta. Tilas ne abin da ake yi da abin da ake sha su zo daidai kowane lokaci, dare da rana. In masu sha suka rinjayi masu yi, sai injuna su soma nauyi, in ba a yi maza an yanke wa waɗansu unguwanni ba, babban layin ƙasa duka ya faɗi.

Saboda haka a ƙasashen da suka buɗe kasuwar sarin lantarki, kuɗinta ba ya tsayawa wuri guda. A Ingila, lokacin da aka buɗe irin wannan kasuwa cikin 1990, kowane rabin sa'a da nasa kuɗin. Kowace tasha takan faɗi kuɗin da za ta ba da wutarta. Sai a fara ɗaukar mai araha, a bi su ɗaya bayan ɗaya har a cika abin da ƙasa take bukata a wannan lokaci. Kuɗin tasha ta ƙarshe da aka ɗauka shi ne za a biya kowa. Da tsakar dare, sa'ad da mutane suke barci, tashoshi masu araha sun wadatar. Da magariba kuwa, sa'ad da kowane gida ya kunna fitila, sai an tayar har da tsofaffin injuna masu cin mai, kuɗi kuma ya yi sama.

Masana tattalin arziki sun auna wannan al'amari a ƙasashe da dama, abin da suka tarar kuwa kusan iri ɗaya ne. In aka ƙara wa magidanta kuɗin wuta da kashi 10 cikin ɗari, abin da suke ragewa cikin watannin farko ba ya shige kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake. Mai firji ba zai kashe shi nama ya ruɓe ba don an ƙara kuɗi, asibiti ma ba zai dakatar da tiyata ba. Sai an ɗauki shekaru, mutane sun canja ƙwan fitila da injuna, sa'an nan raguwar take bayyana sosai.

DARASI DAGA AMURKA

Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi, shi ne mai shan wuta galibi bai san abin da ake ciki a kasuwar sari ba. Abin da ya faru a Jihar Kalifoniya ta Amurka cikin 2000 da 2001 ya isa misali. Kuɗin sari ya ninka sau da yawa, alhali kuwa doka ta ɗaure kuɗin da yawancin magidanta suke biya. Tun da yake ba wanda ya ji a aljihunsa, ba wanda ya rage. Kamfanonin rarrabawa suka yi ta saye da tsada suna sayarwa da araha, cikin Janairu 2001 aka shiga yanke wuta unguwa-unguwa, cikin Afril kuma babban kamfanin arewacin jihar, watau PG&E, ya karye. A birnin San Diego kaɗai, inda aka riga aka sake wa kuɗi mara, cikin bazarar 2000 takardun biya suka ninka, mutane suka rage sha, amma ihun da suka yi ya sa majalisa ta sake ɗaure kuɗin. Daga baya gwamnatin jihar ta yi wata dabara, ta ce duk gidan da ya rage kashi 20 cikin ɗari na wutar da yake sha za a yafe masa kashi 20 na kuɗinsa. Jama'a da yawa suka amsa.

A Jihar Texas kuma, cikin Fabrairu 2021, wani matsanancin sanyi ya daskarar da bututun iskar gas da tashoshi. Kuɗin sari, wanda ya saba tsayawa ƙasa da dala 50 kan kowane yunit dubu, ya kai dala 9,000. Gidaje fiye da miliyan 4 suka shiga duhu. 'Yan tsirarun magidantan da suka ƙulla yarjejeniyar biyan kuɗin sari kai tsaye suka sami takardun dubban daloli na 'yan kwanaki. Ba su kashe na'urorin ɗumama ɗaki ba, gama wanda sanyi yake neman ransa ba ya tsayawa ciniki.

Darasin wuraren nan biyu shi ne, kuɗi ba ya sa mutum ya rage sai abu uku sun haɗu. Sai labarin kuɗin ya iso shi kafin ya sha, sai akwai mita da za ta shaida ya rage, sai kuma yana da wata mafita da zai koma.

YADDA TAMU KASUWAR TAKE

A Nijeriya, tun daga 1972 da aka haɗa Hukumar ECN da Hukumar Madatsun Ruwan Neja aka kafa NEPA, hukuma guda ce take yin wuta, ta ɗauko ta, ta sayar. Dokar gyaran lantarki ta 2005 ita ce ta rarraba wannan aiki, ran 1 ga Nuwamba, 2013 kuma aka miƙa tashoshi da kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa. Kamfanonin rarrabawa 11 ne aka fitar, na Kaduna shi ne yake riƙe da jihohin Kaduna da Zamfara da Kebbi da Sakkwato. Manyan layuka suka zauna a hannun Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin Kamfanin TCN. A tsakiya kuma aka sa wani babban ɗan sari na gwamnati, watau NBET, wanda aka kafa cikin 2010 don ya saya daga tashoshi ya sayar wa masu rarrabawa.

Sai dai tamu kasuwar sari ba irin ta Ingila ba ce da ake yin gwanjo kowane rabin sa'a. Yarjejeniyoyi ne na dogon lokaci, Hukumar NERC kuma ita ce take yanke kuɗi. Duk da haka kuɗin sari yana motsi, domin fiye da kashi biyu cikin uku na wutar ƙasar nan da iskar gas ake yin ta, ita kuwa iskar da dala ake lissafin ta. Da aka saki darajar Naira cikin Yuni 2023, dalar da ake canjawa wajen N460 ta haura N1,500 a farkon 2024. Kuɗin yin wuta ya yi tashin gwauron zabi, amma abin da magidanci yake biya bai motsa ba. Giɓin da ke tsakani shi ne ake kira tallafi, ya zama bashin da tashoshi suke bin gwamnati, masu iskar gas kuma suke bin tashoshi. Da masu gas suka ga ba a biyan su suka rage bayarwa, wuta ta ja baya ƙwarai a watannin farko na 2024. Ciwon Kalifoniya ke nan ya zo mana da tasa kamar.

ƘARIN AFRIL 2024

Tun 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa ga yawan sa'o'in da aka yi musu alkawari kullum. Rukunin A sa'a 20, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuwa sa'a 4. Ƙarin Afril 2024 ya faɗa kan rukunin A kaɗai. Yunit guda, watau wutar da ƙwan fitila goma masu wat 100 za su ci cikin sa'a ɗaya, ya tashi daga wajen N68 zuwa N225. Cikin Mayu aka sauko da shi N206.80, cikin Yuli kuma aka mai da shi N209.50. Hukumar ta ce mutanen wannan rukuni wajen kashi 15 ne cikin ɗari na masu shan wuta, amma su ne suke shanye wajen kashi 40 cikin ɗari nata.

Lissafin ba shi da wuya. Mai injin niƙa da yake cin yunit 1,000 a wata, wanda da yake biyan N68,000, sai ga shi da takardar N225,000. A nan ne aka ga abin da kuɗi yake iya yi in sharuɗɗan nan uku sun cika. Masu mita mai kati, waɗanda suke ganin yunit yana zagwanyewa da idonsu, suka shiga kashe na'urar sanyaya ɗaki da abin dafa ruwa, suka rage guga. Jami'o'i da asibitocin koyarwa suka yi kuka, waɗansu suka tsara wa kansu sa'o'in kunnawa da kashewa. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta kai ƙara kotu. Ƙungiyoyin ƙwadago suka tare ofisoshin hukumar cikin Mayu, ran 3 ga Yuni kuma suka shiga yajin aiki har aka kashe babban layin ƙasa, ko da yake maganar albashi ita ma tana cikin abin da ya jawo shi.

Manyan masana'antu kuwa da ma sun daɗe da neman wa kansu mafita. Kamfanin siminti na Kalambaina, a gefen birnin Sakkwato, da tasharsa yake aiki. Wannan ma amsa ce ga kuɗi da rashin tabbas, amma tana da illa. Duk sa'ad da babban mai biya ya bar layi, nauyin gyaran turaku da wayoyi da taransifoma yakan koma kan ƙananan da suka rage.

INDA ƊAN AIKE BA YA ISOWA

Wutar da take zuwa Jihar Sakkwato daga Kainji take tasowa, madatsar da aka buɗe cikin 1969. Babban layi yakan kawo ta Birnin Kebbi, daga nan wani ya kawo ta Sakkwato, sa'an nan ƙananan layuka su raba ta ga garuruwa. Ƙasar Illela tana can ƙarshen wannan doguwar igiya, wanda yake ƙarshen sahu kuwa shi ne yake samun ƙanzo.

Cikin 2024 fiye da rabin waɗanda aka rubuta sunansu a matsayin masu shan wuta a Nijeriya ba su da mita. Kintace ake yi musu. Mutumin da ake yi wa kintace, ko ya kashe fitilarsa da rana ko ya bar ta tana ci, takardarsa ɗaya ce. Ba abin da zai ci riba in ya rage, saboda haka ƙarin kuɗi ba ya koya masa tattali, sai dai ya koya masa ƙin biya. Shi kuma kamfani, da ya ga rukunin A ya fi kawo kuɗi, kuma hukuma za ta hukunta shi in bai cika musu sa'a 20 ba, ina zai fara kai 'yar wutar da ya samu? Ƙasar da aka kafa wa injuna masu ƙarfin megawat wajen 13,000, amma abin da yake hawa layi bai cika wuce 4,000 zuwa 5,000 ba, dole a yi rabo, a rabon nan kuwa karkara ce a baya.

Ke nan a wuri irin Lafani, abin da yake daidaita sha da samu shi ne ɗaukewar wuta. Kuɗin lantarki na haƙiƙa a bakin iyaka shi ne kuɗin litar fetur. Ƙaramin janareta da wuya ya ba da fiye da yunit biyu ko uku daga lita guda. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai N200 ba a kuɗin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta wuce N500, cikin Oktoba 2024 kuma ta haura N1,000. A wannan kuɗi, yunit guda na janareta ya fi N300, ban da baƙin mai da gyara. Watau mai walda ko mai cajin waya a ƙauye yana sayen wuta da tsadar da ta fi ta mai gidan sama a rukunin A.

A nan kuwa mutane sun amsa, kuma sun amsa da sauri, domin sharuɗɗan duka sun cika: kuɗin yana rubuce a gidan mai, tankin janareta shi ne mita, hasken rana kuma ga shi Allah ya hore. Mai niƙa yakan tara kwanuka kafin ya tayar da inji. Mai sayar da ruwan sanyi ya rage sa'o'i. Masu noman rani a fadamun Arewa da dama suka juya injunan ban ruwa zuwa iskar gas ta girki, masu hali suka sayi famfo mai aiki da hasken rana. Farantan sola, waɗanda kuɗinsu ya faɗi ƙwarai a kasuwar duniya cikin shekarun nan, suka hau rufin shaguna da masallatai da ɗakunan shan magani.

ƘETAREN IYAKA

Daga Illela zuwa Birnin Ƙwanni tafiyar 'yan mintoci ce, kuma can ma akwai wani fannin wannan ciniki. Tun 1976 layi ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai, cikin 1994 kuma aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa, wanda yake ciyar da yankin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Kamfanin NIGELEC na Jamhuriyar Nijar babban mai sari ne a kasuwar Nijeriya, kuma kafin 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarsa daga nan yake saye. Jami'an Nijeriya sun sha bayyana cewa asalin wannan ciniki shi ne don kada a tare Kogin Kwara daga sama Kainji ta rasa ruwa. Muddin wutar Nijeriya ta fi ta injin dizal araha nesa ba kusa ba, Nijar ba ta da dalilin gaggawa wajen gina nata tashoshin.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, a farkon Agusta Nijeriya ta yanke wutar, aka kuma rufe iyakar Illela. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga rabon wuta. Wannan ya fi kowane ƙarin kuɗi, gama haja ce aka ce babu ko nawa za ka biya. Nijar ta ƙara dogara ga tashar dizal ta Gorou Banda, ta kuma sa tashar hasken rana mai megawat 30 da ke wurin cikin aiki a wannan shekara. Da ma tun 2018 akwai wata mai megawat 7 a Malbaza, kusa da Ƙwanni. 'Yan kasuwa da magidanta a Yamai suka rungumi sola. An janye takunkumin ran 24 ga Fabrairu, 2024, wuta ta koma cikin Maris, amma wanda ya riga ya kafa faranti a rufinsa ba zai sauke shi ba. Cikin Mayu 2024 kuma Hukumar NERC ta ba da umarni na wucin gadi cewa abin da ake sayar wa ƙasashen waje kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari na wutar da ke kan layi. Mai sari da aka taɓa rufe wa ƙofa ba ya sake zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya, aikin madatsar Kandaji mai megawat 130 kuma yana nan cikin shirin Nijar.

ABIN DA YA KAMATA A DUBA

Daga duk abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa ƙarin kuɗi shi kaɗai ba ya gyara kasuwar lantarki. Akwai matakai da suka kamata su riga shi.

Na farko shi ne mita. Ba adalci ba ne a ce wa mutum ya yi tattali alhali ba ma'aunin da zai shaida ya yi. Ko a kasuwar hatsi ba a yin ciniki sai da mudu.

Na biyu shi ne a bambanta kuɗin wuta bisa ga lokaci. Tun 1978 Ingila take da tsarin da yake sayar da wutar sa'a bakwai na dare da araha, Faransa ma tana da irinsa. In mai niƙa da mai ƙanƙara da hukumar ruwa suka san wutar asuba ta fi ta magariba sauƙi, da kansu za su matsar da aikinsu, layi ya sami sarari lokacin da gidaje suke kunna fitila.

Na uku kuwa ya shafi jihohi. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba kowace jiha ikon kafa tata kasuwar da tata hukumar. Jihar Sakkwato tana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun hasken rana a Nijeriya. Ƙaramar tashar sola mai batir, mai mita a kowane gida da kowane shago, tana iya ba gari kamar Lafani wutar da ta fi ta janareta araha, mutum ya san abin da ya sha, ya san abin da zai biya.

Mutanen bakin iyaka 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni, ba sai an koya musu lissafin riba da faɗuwa ba. Sun nuna haka a kan fetur, sun nuna a kan sola. Abin da ya rage ga hukuma da kamfanoni shi ne su kawo hajar, su kawo mudun, sa'an nan a zauna a yi maganar kuɗi. Allah ya sa masu abin su ji.